Inda Ake Ajiye Kara da Taki a Ƙasar Dawakin Tofa

Daga ƙarshen kaka zuwa saukar ruwan shuka, watau tsawon wata shida ko bakwai a kowace shekara, da wuya a sami gari ko ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa da ba a ganin tarin kara da harawa da taki a cikinsa ko a gefensa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da noma da kiwo suka riƙe. Abin da ya zama baƙo, wanda kuma ya fara gundurar masu lura, shi ne yadda ake sauke kashin kajin gidan gona da sharar birni mota-mota a bakin titi ko a kangon fili tsakanin gidaje, a bar su a buɗe wata da watanni, iska na kwasa, awaki na tonawa, yara na wasa a kai, har ruwan farko ya zo ya jiƙa su ya koro romonsu cikin lungu. Idan maƙwabta suka kai kuka wurin mai unguwa, ko duba-gari ya zo ya yi magana, amsar da ake samu ba ta wuce guda: taki ba ƙazanta ba ne, a cikinsa aka haifi kowa, iyaye da kakanni sun zauna da shi bai kashe su ba, kuma fili na mai shi ne, ba ruwan ƙaramar hukuma da abin da ya ajiye a ciki. Wannan amsa ta yi yawo har ta zama kamar karatu, ga shi kuwa rabinta gaskiya ne, abin da ya sa ɗaya rabin yake da wuyar tumɓukewa.

Abin da ake nufi da ragowar gona a nan shi ne duk abin da ya saura bayan an ɗauke hatsi ko an yi kiwo, kama daga karan dawa da na gero da karmaminsu, harawar wake da ta gyaɗa, totuwar masara, ƙaiƙayi da ɓuntun shinkafa, zuwa kashin dabbobi da na kaji da robobin maganin feshi da aka juye. Tsarin gari kuwa shi ne shawarar da hukuma ke yankewa a kan abin da za a yi da kowane yanki na ƙasa, inda gidaje za su zauna, inda hanya da magudanar ruwa za su bi, da inda za a ware wa kasuwa ko maƙabarta ko juji.

Ƙaramar hukumar Dawakin Tofa tana da faɗin murabba'in kilomita 479, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 247,875, watau sama da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita tun wancan lokaci, balle yanzu da birnin Kano ya miƙe ta hanyar Katsina ya haɗe da Dawanau yana neman Tumfafi da Kwa. Tana cikin yankin da masana ilimin ƙasa suke kira karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wanda Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun a shekarun 1960, ya kuma nuna abin da ya ba baƙi mamaki, cewa ana noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, amma duk da haka ba ta mutu ba, saboda manomi yana mayar mata da abin da ya ɗauka daga gare ta. Harawa da karmami suna shiga cikin tumaki da awaki su fito taki, takin ya koma gona, jakuna kuma su shiga birni da itace su fito da mangala cike da tokar murhu da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Saboda haka mai cewa taki dukiya ne bai yi ƙarya ba, kuma darajarsa ƙaruwa ta yi. A ƙarshen 2016 gwamnatin tarayya ta fito da shirin da ya sa buhun takin zamani na NPK a kan naira 5,500, a yau kuwa kuɗin buhu ɗaya ya ninka wannan sau da yawa, musamman bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Manomin da ya sayi kashin kaji tun da rani, kafin ya yi tsada, hankali ya yi, kuma babu mai tunani da zai ce ya daina. Maganar tana kan wurin da yake ajiye shi da yadda yake ajiye shi.

Kuskuren farko a hujjar “kakanni sun zauna da shi” shi ne ɗauka cewa takin yau da na jiya abu ɗaya ne. Takin da magidanci ya saba tarawa a da na awakinsa ne da tumakinsa da jakinsa, busasshe ne mai tsaba-tsaba, yana taruwa kaɗan-kaɗan a turke yana gauraye da ragowar harawa da toka, kuma ana kwashe shi mangala-mangala tun daga tsakiyar rani, a zuba shi tsibi-tsibi a cikin gona, ta yadda bai cika taruwa da yawa a wuri ɗaya ba. Kashin kajin gidan gona wani abu ne dabam, domin daga kaji dubbai yake fitowa a lokaci guda, sau da yawa da danshinsa, gauraye da garin katako ko ɓuntu da zubabben abinci da gashin kaji, wani lokaci har da fasassun ƙwai da mushe. Abin da mota ɗaya za ta sauke ya fi abin da awakin gida guda za su tara a shekara. Haka nan sharar birnin da jakuna ke ɗaukowa a da, mafi yawanta toka ce da abin da ke ruɓewa, ta yau kuwa cike take da leda da batura da fasassun kwalabe da allurai da tarkacen kayan lantarki masu ɗauke da ƙarafa masu guba irin su dalma, waɗanda idan suka shiga ƙasa ba sa fita. Duk mahaucin da ya saba fiɗa ya san dunƙulen leda da ake cirowa daga tumbin akuya ko tunkiyar da ta yi ta ramewa mai ita na zargin sammore, alhali kuwa a kan irin wannan tuli ta yi kiwo. Kiran wannan kaya da sunan da aka kira takin kakanni yaudarar kai ce.

Wanda ya tsaya kusa da tulin kashin kaji da aka bari a buɗe, kwana biyu bayan ruwan farko, zai ga abubuwa uku ba tare da an nuna masa ba. Saman tulin ya yi ɓawo, idan aka tone shi da sanda sai tururi ya taso da wani wari mai hawa kai da sa ido ƙwalla. Gefensa da ke inuwa yana motsi da fararen tsutsotsi. Daga gindinsa kuma wani baƙin ruwa kamar shayi mai kauri ya tsaga hanya yana bin gangare. Warin nan na sinadarin amoniya ne, watau naitirojin ɗin da ke cikin kashin yana tashi sama, kuma naitirojin shi ne ainihin abin da manomi ke biyan kuɗi dominsa idan ya sayi buhun yuriya. Baƙin ruwan kuma narkakken abincin shuka ne, naitirojin da fotash, yana tafiya inda babu shuka. Ma'ana, warin da maƙwabci ke kuka da shi kuɗin mai takin ne ke zurarewa, kuma abin takaici ne a ga mutum yana tada jijiyar wuya yana kare haƙƙinsa na yin asara.

Inda baƙin ruwan yake ƙarewa ya fi warin muni. Ƙasar wannan yanki jigawa ce mai yashi, ruwa yana nitsewa a cikinta da sauri, kuma gidaje da yawa har yanzu rijiyar hannu suke sha, wadda a tsakiyar damina, musamman a watan Agusta, ruwanta kan taso kusa da baki. Romon taki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da zazzaɓin hanji, yana kuma ɗauke da sinadarin naitiret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 50 a kowace litar ruwan sha, saboda idan ya yi yawa yana hana jinin jariri ɗan ƙasa da wata shida ɗaukar iska yadda ya kamata. Naitiret ba shi da launi ba shi da wari, kuma tafasa ruwa ba ta kawar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa shi yana nan. Masu cewa bai kashe kakanni ba ba su taɓa ƙirga yaran da gudawa ta ɗauke a damunan da suka wuce ba, waɗanda aka ce haƙori ne ko iska, aka yi addu'a aka tashi.

Sai kuma ƙuda da ɓera. A lokacin zafi ƙudan gida yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10, kuma babu shimfiɗar da ya fi so kamar kashin kaji mai danshi, saboda haka tuli ɗaya ya isa ya cika unguwa, daga kwanon tuwo har bakin jaririn da ke barci. Ɓera kuwa zubabben abincin kaji da ƙaiƙayi mai sauran tsaba ke jawo shi, tarin kara ya ba shi mafaka, maciji kuma ya biyo shi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tsananta da rani, daidai lokacin da ake jingine kara a bangon ɗakin da ake ajiye hatsi. Murar tsuntsaye ma ba labarin nesa ba ce, domin a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarta karon farko a Najeriya a wani gidan gona da ke Jaji ta Kaduna, kafin a ankara ta shigo Kano, ta kuma sake dawowa a 2015 ta halaka kaji masu yawa. Ƙwayar cutar tana rayuwa kwanaki a cikin kashin kaji, ta fi daɗewa ma idan akwai sanyi, don haka buhun kashi da aka ɗauko daga gonar da kaji ke mutuwa aka zube shi inda kajin gida da zabi ke tono, ba taki kaɗai aka kawo ba.

Kara shi ma yana da nasa, ko da yake ba ya wari. Da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa komai ya bushe ƙayau, damman karan da aka jingine a jikin darni ko aka tara kusa da madafa garwashi ɗaya suke jira, irin wanda yaro zai yar a hanya idan an aike shi ɗebo wuta, kuma a unguwar da lungunanta ba sa ɗaukar mota, ko an kira 'yan kwana-kwana daga nesa za su tsaya. Harawar da aka ɗaure da sauran danshi aka cusa a ɗaki tana yin zafi da kanta ta yi fumfuna, a wasu lokuta har ta kama da wuta ba wanda ya kunna. Akwai kuma wata asarar da ba a gani, ita ce tsutsar da ke huda karan dawa da ta gero, wadda ke kwanciya a cikin busasshen kara duk tsawon rani ta jira damina ta fito ta yi ƙwai a sabuwar shuka. Binciken cibiyar nazarin aikin gona ta Samaru a Zariya ya daɗe da nuna cewa karan da aka tsayar a inuwa yana raya wannan tsutsa, wanda aka shimfiɗa a rana ko aka babbaka shi sama-sama bayan girbi kuwa yana kashe mafi yawanta.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ban haushi, shi ne jingina wa kakanni sakacin da ba su yi ba. Mutanen da sun san nisan da ke tsakanin turke da rijiya, sun san masussuka a bayan gari take, sun bar burtali da makiyaya da fili tsakanin unguwa da unguwa, kuma dagaci yana da ikon ya ce a matsar da abu a matsar. Littattafan da alƙalansu suka yi hukunci da su ma ba su yi shiru ba. Muhtasar na Shehu Halil, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Kano, ya lissafa abubuwan da alƙali zai hana maƙwabci ya ƙirƙiro, a ciki har da hayaƙi mai cutarwa, da wari irin na majema, da kafa masussuka a gaban gidan wani saboda ƙaiƙayin da iska za ta kai masa. Idan ƙurar sussuka ta isa a hana, ina ga motar kashin kaji a ƙofar gida? Mutum ba zai tsaya sahun gaba da asuba ba, sannan da hantsi ya ce wa maƙwabcinsa wanda matarsa ke fama da asma ya toshe hancinsa ko ya tashi.

Sai dai malaman fiƙihu sun bambanta cutarwar da aka tarar da wadda aka ƙirƙiro daga baya, kuma a nan ne manomi ke da hujjar da ya kamata a saurara, domin a wurare da yawa na kudancin ƙaramar hukumar gidaje ne suka zo suka tarar da gona. Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985, ta jawo manyan ɗakunan ajiya da wuraren gyaran riɗi da zoɓo da wake, waɗanda su ma suke fitar da ƙura da ƙaiƙayi tuli-tuli, ta kuma jawo dubban masu neman matsuguni. Dillalai suka shiga sayen gonaki suna yankawa ta hanyar awon igiya, watau rarraba gona fuloti-fuloti ba tare da taswirar hukuma ba, inda kowane taku kuɗi ne, saboda haka ba a barin hanya mai faɗi, ba a barin magudana, balle a bar wurin juji ko na taki. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiyar muhalli suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko tulin ƙazanta, watau kusan ƙafa 100, fulotin awon igiya kuwa sau da yawa ƙafa 50 ne a tsaye 50 a kwance, wani ma bai kai ba. Duk kyan niyyar magidanci, ba zai iya fitar da ƙafa 100 daga cikin 50 ba, kuma ko ya nisanta takinsa daga tasa rijiyar ya kusantar da shi ga ta maƙwabci. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa rigimar da ake yi a gaban mai unguwa a watan Yuni tun ranar da aka ja igiya aka ƙulla ta, kuma mai ikon hana ta ita ce hukumar da ake cewa ba ruwanta.

Doka kuwa ba ta goyi bayan “filina ne” ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da wannan haƙƙi bisa al'ada a wuraren da ba a ayyana su birni ba, har zuwa hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo, tare da ikon karɓar fili don amfanin jama'a bisa biyan diyya. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa kwashe shara da kula da magudanu da kasuwanni da mayanka cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta hannu a harkar noma da lafiya. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta yi tanadin hukumar tsarawa a kowace ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, shi ya sa a Kano izinin gini a yankin birni yake hannun hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, kwashe shara kuma yake hannun hukumar tsaftar muhalli ta jiha, REMASAB. Garuruwan da ke bakin birni sun faɗa tsakani, sun fi ƙarfin dagaci, hukumomin jiha kuma ba su iso su sosai ba. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin rashin kuɗi da sakatariyar ƙaramar hukuma ta saba fakewa da shi ya ragu, kuma kansilan da ya san hanyar kowane gida lokacin zaɓe ba zai ce bai san inda tulin yake ba.

Ƙonawa, wadda wasu ke gani ita ce tsafta, asara ce a kan asara, domin wuta tana kore naitirojin da duk abin da ke sa ƙasa ta riƙe ruwa, ta bar toka kawai, hayaƙin leda da robar maganin feshi kuma guba ne, kuma tun 2011 hukumar kula da muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin da suka taƙaita ƙona daji da shara a fili. Talauci da tsoron ɓarayin taki da harawa da ƙarancin ma'aikata duk suna da nasu kaso a yadda ake jibge waɗannan kaya a cikin gari.

Abin da manomi zai yi ba ya bukatar jiran kowa. Idan ya sayi kashin kaji, a wuce da shi gona kai tsaye, a sauke shi a wuri mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya da kududdufi da iyakar gida da aƙalla taku arba'in na babban mutum, kuma ta ɓangaren gangare, ƙasa da rijiya. A fara shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi ko ɓuntu a ƙasa don su shanye romo, a zuba kashi, a sake rufawa da busasshen abu, a yi ta jerawa haka hawa-hawa har tulin ya kai ƙirjin mutum, ana yayyafa ruwa daidai yadda idan aka damƙi takin a hannu zai dunƙule ba tare da ya ɗiga ba. A rufe saman da ƙasa mai kaurin yatsu huɗu ko da tsofaffin buhuna ko zana, wanda shi kaɗai ya isa ya rage wari ya hana ƙuda yin ƙwai. A soka sanda har tsakiya a bar ta, bayan kwana uku ko huɗu a zaro a taɓa: idan ta yi zafin da hannu ba ya son riƙewa, takin yana nuna, kuma wannan zafi, wanda kan kai digiri 55 zuwa 65, shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da tsutsa da irin ciyawa, idan ta fito da sanyi kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan, idan ta fito da ɗoyi da yauƙi, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara ƙaiƙayi a juya. Juyawa duk mako biyu ko uku, ana mayar da na gefe ciki, tana sa ya nuna cikin wata biyu zuwa uku, ya koma baƙi mai laushi mai ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa, wanda ba ya ƙona shuka kamar ɗanyen kashi. Wanda ya fara a watan Fabrairu ko Maris zai tarar da nunannen taki lokacin sharar gona. Toka a ware ta a watsa ta dabam, domin gauraya ta da ɗanyen kashin kaji yana ƙara korar amoniya. Sharar birni kuwa, in dai dole sai an saya, a tankaɗe ta da raga kafin a watsa, a tsince leda da batura da kwalabe, kuma kada a sa yara wannan aiki da hannu tsirara.

Kara a shimfiɗa shi a rana na wasu makonni kafin a ɗaure, a tara shi a gona ko a bayan gari, kashi-kashi da tazara tsakani yadda idan ɗaya ya kama ba zai kai ga ɗaya ba, a kuma share ciyawar da ke kewaye. Wanda za a yi girki da shi a riƙa ɗaukowa na kwana biyu ko uku, kuma wanda ya rage a ƙarar da shi kafin damina, ko a sare shi a zuba a ramin taki. Harawa a tabbata ta bushe sosai kafin a ɗaure, a ɗora ta a kan rumfa ko gadon itace sama da ƙasa, ba a ɗakin da ake kwana ko ake ajiye hatsi ba. Robar maganin feshi a ɗauraye ta sau uku ana juye ruwan cikin injin feshi, a huda ta yadda ba za ta sake riƙe ruwa ba, domin ganin irin wannan roba an mayar da ita butar alwala ko mazubin man gyaɗa ya zama ruwan dare, kuma wanki ba ya fitar da gubar da ta shiga jikinta. Mai gidan kaji kuma ya ji tsoron Allah, idan kajinsa suka fara mutuwa da yawa ya sanar da likitan dabbobi, ya tsayar da sayar da kashi, ya binne mushe a rami mai zurfi maimakon cusa shi a buhun da zai sayar wa manomi.

Aikin majalisar ƙaramar hukuma ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato, kuma mafi yawansa na takarda ne da tsayawa a kan magana. Tana iya zama da hakimi da dagatai da malaman gona da duba-gari ta ware wa kowane babban gari fili ɗaya ko biyu a bayan gari, ta la'akari da gangaren ruwa da inda iska ta fi kaɗawa, inda masu ƙananan fuloti za su riƙa ajiye taki da kara, kowa da alamarsa, a sa mai gadi da ɗan kuɗin da masu ajiya za su haɗa, tunda tsoron sata ne ke sa da yawa su kawo kayan ƙofar gida. Tana iya yin dokar cikin gida da ta faɗi nisan da za a bari daga rijiya da makaranta da asibiti da masallaci, da kwanakin da aka yarda kaya ya yi a bakin hanya kafin a kwashe, a karanta ta a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa kafin a fara cin tara, kuma tarar ta zama da rasit, don kada duba-gari ya koma mai karɓar na goro. Mafi muhimmanci, kada wani mai unguwa ko dagaci ko jami'in ƙasa ya sa hannu a takardar cinikin gonar da za a yanka sai an nuna masa hanya da magudana da filin da aka bar wa jama'a, kuma kafin a amince da sabon gidan kaji ko injin gyaran hatsi kusa da gidaje a tambayi mai shi inda sharar za ta tafi, a kuma ji ta bakin maƙwabta tun ba a sa tubali ba. Mazauna unguwa su ma su daina tsayawa a gunaguni a majalisar yamma, su rubuta kokensu da kwanan wata da sa hannun mutane da dama, su kai wa mai unguwa da kansila da sashen lafiyar muhalli na sakatariya, su riƙe kwafi. Mai shirin sayen fuloti a gefen gona kuwa ya je ya ga wurin sau biyu kafin ya biya, sau ɗaya a watan Afrilu lokacin da taki ke jibge, sau ɗaya a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ya tsaya ya duba ta inda ruwan ke gangarowa da abin da ya ratsa kafin ya iso inda zai haƙa rijiyarsa.